Saɓanin Nasara A Kan Ranar Kirsimeti, Da Abin Da Ke Ciki Na Wa'azi Gare Mu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore rana da wata, ya sanya su ma'auni ga bayinsa domin su san lokacin ibada da lokacin shuka da ajalin bashi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da 'yan'uwansa Annabawa baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai da fatake na Sunke da sauran ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kun san idan hunturu ya kama, aka kai amfanin gona gida, akwai wata kasuwa da ke buɗewa wadda kowane dillalin dabbobi ke jira, ita ce kasuwar Kirsimeti. A lokacin ne akuya da kaza da zabo ke yin daraja, a yi ta lodin shanu da wake da barkono zuwa Ikko da Ibadan da Anacha. A lokacin ne kuma 'yan kasuwar Ibo da ke zaune a garuruwanmu ke rufe kantunansu su tafi gida, maƙwabtanmu Nasara na wajen Zuru kuwa su ɗinka sababbin tufafi. Da ya ke duk waɗannan ran 25 ga Disamba su ke bikinsu, sai mafi yawanmu suka ɗauka ita kaɗai ce ranar Kirsimeti ga dukan Nasaran duniya. To, ba haka abin ya ke ba. Akwai masu yi ran 24 da dare, akwai masu 6 ga Janairu, akwai masu 7, har akwai masu 19. Nufina in bayyana asalin wannan saɓani, sa'an nan in nuna abin lura da ke cikinsa, domin mu ma muna da tamu jayayyar ranar Salla wadda har yanzu ba ta kwanta ba.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa shafin malamai da bikin Nasara? Amsa ita ce, sanin abu daban, yin sa daban. Babban masanin hisabin nan, Abu Raihan Albiruni, ya wallafa littafinsa Al-Asarul Baƙiya wajen shekara ta 390 ta Hijira, ya jera bukukuwan Nasara da Yahudu da Farisawa wata bayan wata, ya faɗi yadda kowace al'umma ke ƙidayar shekararta. Maƙrizi na Masar ma ya rubuta bukukuwan Nasaran ƙasarsu cikin littafinsa Al-Hiɗaɗ. Babu wanda ya zarge su da raunin addini saboda wannan. Balle mu da ke ciniki da mutanen nan, mu ba su bashi su ba mu, rashin sanin ranakunsu hasara ce gare mu.

Asalin maganar shi ne, littattafan Linjila huɗu da ke hannun Nasara ba su ambaci rana ko watan da aka haifi Annabi Isa ba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma malamansu sun yarda da haka. Alƙur'ani mai girma ya kawo labarin haihuwar cikin Suratu Maryam, da gindin dabinon da ruwan da aka gudano mata, shi ma bai sanya rana ba. Nasaran farko sun daɗe ba su san wani bikin haihuwa ba. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana yin sa ran 25 ga Disamba na birnin Rum ne, yana komawa shekara ta 336 ta Miladiyya. Nasaran gabas kuwa ran 6 ga Janairu suka fara riƙewa, suna haɗa tunawa da haihuwar da tunawa da wankan da suka ce Annabi Yahaya ya yi masa a kogin Urdun. Daga baya gabas ta bi Rum, sai mutanen Armeniya kaɗai suka tsaya a kan 6 ga Janairu, suna nan a kai har yau. Kun ga ke nan tun farko ranar zaɓen mutane ce da ijtihadinsu, abin da aka gina a kan zaɓe kuwa ba ya rasa saɓani.

Amma babbar ɓarakar daga hisabi ta fito, kuma a nan ya kamata masu ilmin taurari su kasa kunne. Yuliyas Kaisar, sarkin Rum, shi ya tsara shekarar rana shekara 45 kafin Miladiyya, ya sanya ta kwana 365 da rubu'in kwana. Rubu'i huɗu su cika kwana guda, saboda haka kowace shekara ta huɗu a ƙara mata kwana ɗaya ta zama kabisa. Lissafin ya yi kusa da daidai, sai dai shekarar rana ta haƙiƙa kwana 365 ce da sa'a 5 da minti 49 saura kaɗan. Watau shekarar Kaisar ta fi ta gaskiya tsawo da wajen minti 11. Kowane ma'auni ya san irin wannan. In mudunka ya ɗara na kasuwa da 'yan ƙwayoyi, wanda ya sayi mudu guda ba ya ganin kome, amma wanda ya auna buhu ɗari da shi sai ya ga giɓi. Haka minti 11 ɗin nan ya yi ta taruwa, kowace shekara 128 ya cika kwana guda.

Da aka kai shekara ta 1582, giɓin da aka lissafa tun daga babban taron limamansu na Nikiya a shekara ta 325 ya kai kwana 10. Sai Paparoma Girigori na 13 ya yi umurni a tsallake su. Mutanen Rum suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari ran Juma'a 15 ga Oktoba, wannan kuwa ya dace da tsakiyar watan Azumi na shekara ta 990 ta Hijira. Domin kada giɓin ya sake taruwa, ya kafa ƙa'ida cewa shekarar cikon ɗari ba ta zama kabisa sai in tana rabuwa gida 400 ba saura. Shi ya sa 1600 da 2000 kabisa ne, 1700 da 1800 da 1900 kuwa ba kabisa ba ne.

Ƙasashen ɗariƙar Katolika, irin su Sipaniya da Fotugal da Faransa, suka karɓa cikin shekarar. Ƙasashen da suka yi wa Paparoma tawaye suka ƙi, ko da ya ke masanansu sun san hisabin daidai ne, abin da ya hana su shi ne bakin da maganar ta fito. Ingila sai da ta yi shekara 170 tana ƙi, har 'yan kasuwarta kan rubuta kwanan wata biyu a kan takarda guda in za su aika ƙetare. A shekara ta 1752 ta sallama, aka tashi daga Laraba 2 ga Satumba aka faɗa Alhamis 14 ga Satumba. Har yanzu shekarar harajin mutane a Ingila ran 6 ga Afrilu ta ke farawa, tabon wancan gyaran ke nan. Wannan kalandar da aka gyara ita Turawa suka zo mana da ita, ita ce ke rataye a ofisoshi da kantuna.

Nasaran gabas, waɗanda a ke kira Otodoks, su ma suka ƙi. Gwamnatin Rasha ta koma sabon lissafi a shekara ta 1918, aka tashi daga 31 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu, amma majami'arsu ta ce ita tana nan a kan na Kaisar. Giɓin da ke tsakanin lissafin biyu yanzu kwana 13 ne. Saboda haka in ka tambayi limamin Rasha ko na Sabiya ko na Jojiya, zai ce maka shi ma ran 25 ga Disamba ya ke Kirsimeti, illa dai tasa 25 ɗin tana faɗawa ran 7 ga Janairu a kalandar kanti. In kuwa ba su sake shawara ba, shekara ta 2100 za ta ƙara musu kwana guda, jikokinsu su riƙa yi ran 8 ga Janairu.

Ga wani abin da zai ba almajirai sha'awa. Littattafan hisabi da suka zo mana daga Magrib, irin su Muƙni'i na Shaihu Margiti, waɗanda a ke duba manazilin taurari da faɗuwar damina a cikinsu, suna da watannin ajam masu suna Yunayar da Fabarayar har zuwa Nuwambar da Dujambar. To, waɗannan watannin a kan lissafin Kaisar su ke, shi ne kuwa lissafin majami'ar Rasha. Ɗaya ga Yunayar tana dacewa da 14 ga Janairu, ita ce ma ƙasar Maroko ta mayar ranar hutu tun shekara ta 2024 saboda sabuwar shekarar Barbarawa. Ashe in ka ce wa tsohon malamin hisabi ya nuna maka 25 ga Dujambar a allonsa, ran 7 ga Janairu zai ɗora yatsa. Wanda ya manta da wannan kwana 13, ya ɗauki Mayu na littafi ya haɗa da Mayu na kanti, sai ya ba manomi lokacin shuka a karkace.

Nasaran Afirka na asali su ma ran 7 ga Janairu su ke yi. Kibɗawan Masar suna da watanni 12 masu kwana talatin talatin, da wani ɗan ƙaramin wata mai kwana 5 ko 6, bikinsu kuwa ran 29 ga watansu Kiyahak ne, bayan sun yi kwana 43 suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai. Tun shekara ta 2003 gwamnatin Masar ke ba dukan ƙasa hutu a ranar. Haka Habasha, ƙasar Najjashi wanda ya sauki Sahabbai a hijirar farko. Su suna kiran bikin Ganna, dubban mutane kan taru cikin fararen tufafi a Lalibela, garin majami'un da aka sassaƙa cikin dutse, sa'an nan bayan kwana 12 su yi wani bikin mai suna Timkat, wanda ya fi na farkon cika.

Inda duk wannan saɓani ya haɗu wuri guda shi ne Baitalami ta ƙasar Falasɗinu, garin da Nasara suka ce nan aka yi haihuwar. A majami'a ɗaya a ke yin Kirsimeti sau uku. Katolika su yi ran 25 ga Disamba, Otodoks ran 7 ga Janairu, Armeniyawan Ƙudus kuwa ran 19 ga Janairu, domin sun riƙe tasu 6 ga Janairu kuma sun riƙe ta da lissafin Kaisar. Kowace ɗariƙa da ƙofarta da sa'arta da fitilunta, wanda ya tabbatar musu da wannan rabo kuwa sarki Musulmi ne, Sultan Abdulmajid na Istambul, cikin wata takardar umurni ta shekara ta 1852.

Wannan duk saɓanin hisabi ne. Akwai kuma saɓanin al'ada, wanda ke shiga har cikin gidaje, ko da kalanda ɗaya ce a bango. A Jamus da Folan da Suwidin, babban taron iyali da rabon kyauta ran 24 da almuru a ke yi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tsohuwar ƙa'idar ibadarsu ita ce biki yana shiga tun faɗuwar ranar jajibere, kamar yadda daren Juma'a a wurinmu ke shiga da magaribar Alhamis. A Ingila da Amurka sai safiyar 25 yara ke buɗe kayansu. A Holan babbar kyautar yara ran 5 ga Disamba da dare ce, saboda wani waliyyinsu mai suna Nikolas. A Sipaniya al'adar da suka gada ita ce yara su jira har 6 ga Janairu. A Rasha, da 'yan gurguzu suka hana bikin addini, sai mutane suka kwashe kyauta da ado suka kai daren sabuwar shekara, ga shi mulkin gurguzu ya faɗi tun 1991 amma al'adar ta zauna. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Har akwai waɗanda suka ƙi bikin ɗungum suna ganin sa bidi'a. Majalisar Ingila ta soke shi a shekara ta 1647. A Masacusets ta Amurka an kafa doka a 1659, wanda aka kama yana bikin a ci shi tarar sule 5. A Sikotlan ranar ba ta zama hutun kowa da kowa ba sai 1958. Ɗariƙar Shaidun Jehoba, waɗanda muke da su a Nijeriya, har yanzu ba su yi. Hunturun kansa ma ba na kowa ba ne, domin sa'ad da mutumin Jamus ke cikin ƙanƙara, mu muna cikin hazo da kaushi, mutumin Afirka ta Kudu yana tsakiyar zafi.

To, in Bajamushiya ta auri mutumin Ingila, ko Bahabashe ya auri 'yar Katolika, yaya a ke yi? Abin da gidajen kirki ke yi shi ne su raba: a ci na dare a gidan iyayen wannan, a ci na rana a gidan iyayen wancan, ko a yi a Disamba a sake a Janairu. Yara dai riba su ke ci. Ba a jin aure ya mutu saboda wannan sai inda da ma akwai wata a ƙasa.

Yanzu ku dubi ƙasashe uku, ku ga yadda saɓani guda ya haifi sakamako dabam dabam. A Girka majami'a ta koma sabon lissafi a shekara ta 1924. Wasu jama'a suka ce wannan sayar da addini ne. A 1935 manyan limamai uku suka ɓalle suka jagorance su, ba a yi shekara uku ba su kansu suka rabu biyu, kowane ɓangare yana ɓatar da ɗan'uwansa, ɓarakar kuwa tana nan har yau. A Yukiren, bayan Rasha ta kai mata yaƙi a 2022, gwamnati ta yi doka a 2023 ta mai da hutun Kirsimeti 25 ga Disamba domin ta raba gari da Rasha, wasu majami'u kuwa suka tsaya a kan 7 ga Janairu, ranar biki ta koma alamar wa ka ke goyon baya. A Urdun kuwa shugabannin ɗariƙu suka zauna a shekara ta 1975 suka yi sulhu: kowa ya yi Kirsimeti ran 25 ga Disamba bisa lissafin yamma, kowa ya yi Ista bisa lissafin gabas. Kowane ɓangare ya saki abu guda ya riƙe guda, iyali suka samu cin abinci a akushi ɗaya. Babu wanda ya canza aƙidarsa cikinsu.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu Allah ya hutar da mu daga gyaran kalanda, domin ibadarmu a kan jinjirin wata ta ke, an kuma hana mu jinkirta watanni cikin Suratut Tauba. Shekararmu kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da wajen kwana 11, shi ya sa Azumi ke zagaya damina da hunturu da bazara cikin shekara 33, har a 2015 hutun Mauludi ya faɗo ran 24 ga Disamba, jajiberen Kirsimeti. Amma laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hangi na wani. A shekara ta 2022 Nijar ta yi Ƙaramar Salla ran Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya ta yi ran Litinin. A 2024 Nijar ta yi ran Talata 9 ga Afrilu, Nijeriya ta yi ran Laraba, wasu jama'a kuwa a cikin garin Sakkwato suka bi Nijar suka yi Idi ran Talata, maƙwabtansu na bakin azumi.

Ra'ayina a nan shi ne a rarrabe tsakanin abu biyu. Saɓanin ƙasa da ƙasa yana da uzuri, magabata sun san shi. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Kuraibu, wanda ya ga watan Azumi a Sham daren Juma'a zamanin Mu'awiya, ya komo Madina ya tarar su daren Asabar suka gani. Ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas ko ganin Mu'awiya bai wadatar ba, Ɗan Abbas ya nuna masa mutanen Madina a kan nasu ganin za su tsaya. Sham ta yi nata, Madina ta yi nata, ba wanda ya kafirta wani. Ko a mazhabarmu, inda mashahurin zance shi ne gani in ya tabbata yana game ƙasashe, Ibnu Abdil Barri ya togace wurare masu nisa ƙwarai kamar Andalus da Hurasan. Saɓanin da ba shi da kyan gani shi ne na gari guda, inda wa ke cin tuwon Salla ƙanensa na azumi, liman biyu, Idi biyu, yara suna tambayar iyayensu wane ne a kan ɓata. Wannan hanyar Girka ce, ƙarshenta kowace unguwa da watanta.

Na san hujjar masu saɓawa, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa Birnin Ƙonni ta fi kusa da Sakkwato bisa Ikko nesa ba kusa ba, tsakanin Ƙonni da Illela tafiyar ƙafa ce, iyakar da ke tsakani kuwa Faransa da Ingila suka shata ta, sama ba ta san da ita ba. Gaskiya ne. Amma maganin wannan yana hannun shugabanni, watau kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi da majalisar malaman Nijar su riƙa jin shaidun juna tun daren, su auna su da ma'auni guda, kuma ya kamata manyan malamai su matsa a kan haka. Kafin a kai can, hukuncin mutum ɗaya sananne ne a littattafanmu. Wata yana tabbata da adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba ta haɗuwa a kan ƙarya, ko cikar talatin. Wanda ya ga watan Azumi shi kaɗai ya ɗauki azumi, ya kai shaidarsa gaban hukuma. Wanda ya ga na Shawwal shi kaɗai, Imamu Malik ya ce kada ya sha ruwa, haka Shaihu Halil ya tafi a Muhtasar. In an hana wanda ya gani da idonsa ya ware, ina ga wanda ya ji a waya? Hanya a buɗe ta ke: mai gani ya gaya wa mai gari, mai gari ya kai ga hakimi, hakimi ya kai fadar Sarkin Zamfaran Anka ko ta Sarkin Mafaran Gummi ko ta Bukkuyum, su isar Sakkwato. In an karɓa, alhamdu lillahi. In an mayar, ya sauke nauyinsa, ya yi Salla ranar da jama'a ke yi, kamar yadda Tirmizi ya fassara hadisin da ya zo a kan haka.

Ku kuwa fatake, naku rabon a wannan magana na aljihu ne. Nasaran Nijeriya ran 25 su ke yi, gwamnati na ba da hutun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Kasuwar dabbobi tana ci ne cikin kwanakin da ke gaban bikin, wanda motarsa ta isa kurmi ran 26 ya tarar an watse, ga kuɗin mota, ga ciyar da dabba, ga hanya ba ta da sauƙi a shekarun nan. Sai a yi sammako. Wanda harkarsa ta kai shi ga Habashawa ko Kibɗawan Masar, ya san nasu yana bayan namu da mako biyu, kuma kafin ranar suna cikin ƙaurace wa nama.

Abu na biyu shi ne ajalin bashi. Ayar bashi cikin Suratul Baƙara ta yi umurni a ambaci ajali a kuma rubuta. Shaihu Halil ya halatta a sanya ajalin salam da abin da mutane suka saba, kamar girbi da sussuka da komowar alhazai da Nairuzu, sharaɗin dai masu cinikin biyu su san lokacin. To, in ka ce wa abokin cinikinka ya biya bayan Kirsimeti, kai kana nufin 26 ga Disamba, shi kuwa yana nufin ranar da ya komo daga garinsu, wataƙila tsakiyar Janairu, wa ya yi ƙarya cikinku? Haka in kun ce ranar Salla, kai kana Gummi shi yana Maraɗi. Ku ambaci rana da wata da irin kalandar da ku ke nufi, ku rubuta, ku sa shaidu. Husuma da yawa da ke kai mutane gaban alƙali kalma ɗaya ce aka bari ba a fayyace ba ranar ciniki.

Abin da na roƙi malamai shi ne su karantar da almajirai hisabi kamar yadda magabata suka karantar, su san shekarar wata da ta rana da giɓin da ke tsakanin Dujambar da Disamba, domin wanda ya san inda saɓani ya fito ba ya saurin zagin mai saɓa masa. In maƙwabcinka Banasare ya rufe kantinsa ya tafi bikinsa, ka tsare masa amanarsa har ya komo, haƙƙin maƙwabtaka ke nan. In daren talatin ya zo, mu fita duban wata gaba ɗaya, mu jira sanarwa gaba ɗaya.

Allah ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyin fatauci, ya sa albarka ga kasuwa da karatu. Allah shi ne mafi sani. Haza wasalam.